Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinonin Lafiya na Jihohin Arewa, Daga Uwar Yaron da Jininsa Ba Ya Daskarewa

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni uwa ce, ina rainon ƙaramin yaro mai ciwon himofiliya, ciwon gado da ke hana jini daskarewa da wuri idan ya fara zuba. Na haɗa ku duka 19 a wasiƙa ɗaya domin yawancin abin da nake nema ba sai an jira Abuja ba, a ƙarƙashin ofisoshinku yake. Buƙatata ita ce ku nemo yaran nan, a gwada su, a rubuta sunayensu. Magani da bincike duk a bayan wannan suke, domin ba a ware wa wanda ba a san da shi ba kaso.

A cikin jinin ɗan Adam akwai sinadarai da ke aiki bi da bi don toshe bakin rauni, kamar leburori a wajen zuba kankare, kowa na miƙa wa na gabansa kwano. Idan mutum ɗaya ya fita daga layi, aiki ya tsaya. Likitoci sun ba sinadaran nan lambobi, suna ce musu fakta. Wanda ya rasa ta 8 shi ke da himofiliya A, wanda ya rasa ta 9 shi ke da B. Ɗana A gare shi, kuma abin da ke jikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ya kamata ba, wato mai tsananin.

Mutane suna zaton yanka ne abin tsoronmu. Ƙaramin yanka ana dannewa ya tsaya. Abin da ke hana ni barci shi ne jinin da ke zuba a ciki ba a gani, a gwiwa, a idon sawu, a gwiwar hannu, a tsoka, ko kuma a cikin kai, Allah Ya tsare. Yaron nan ba ya fara kuka. Sai dai in ga ya bar wasa ya zauna, ko ya tashi yana ɗingishi yana ƙin take ƙafa. In ɗora bayan hannuna a gwiwar, in ji ta fi ɗayar zafi. Kafin a jima ta kumbura tana sheƙi, ya lanƙwashe ta ya hana kowa taɓawa. Daga nan sai neman ƙanƙara a maƙwabta in babu wuta, a naɗe ta da tawul, sai buga waya ana tambayar ko akwai fakta. Idan an samu, garin magani ne fari a 'yar kwalba, a haɗa shi da ruwansa, sannan a shiga neman jijiya a bayan hannun yaron da ya riga ya gane abin da ke tafe, ni na riƙe kafaɗu, babansa ya riƙe ƙafafu. Idan ba a samu ba, sai farasitamol da addu'a, muna ji muna gani. Duk zubar da aka yi a gaɓa ɗaya tana cin guringuntsin wurin, har gaɓar ta sandare. Haka yaron da aka haifa da ƙafafunsa lafiya yake zama gurgu tun bai gama firamare ba.

Mu ma ba da wuri muka gane ba. Da ya fara rarrafe, sai tabo baƙi-baƙi ya riƙa fito masa a gwiwoyi da ƙirji, har wasu suka fara yi mini kallon mai dukan jariri, wasu suka ce shafar iska ce, aka kawo rubutu da hayaƙi. Ranar da ya faɗi ya fasa leɓe, jinin ya riƙa tsayawa yana dawowa, matashi ya jiƙe. A asibitin farko an gwada rukunin jininsa, aka ce ba sikila ba ne, aka yi masa ƙarin jini aka sallame mu. Sai a wani asibitin wata matashiyar likita ta tambaye ni ko a danginmu na wajen uwa an taɓa yin namijin da jini ya ƙi tsaya masa. Na tambayi mahaifiyata, ta yi shiru, sannan ta ce ƙaninta a ɗakin kaciya ya rasu, aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, ba mu ja da ƙaddara. Amma kawun nawa ya tafi da labarin da zai tsare jikan 'yar'uwarsa, don babu wanda ya rubuta.

Ranku ya daɗe, ku yi wannan lissafi da ni. A ko'ina a duniya, cikin kowane yara maza kusan 5,000 da aka haifa ana samun ɗaya mai himofiliya A, ita kuma B ta fi ta ƙaranci sosai. Ciwon bai san Bature ko Bahaushe ba. A dunƙule ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 10,000. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ke nan ya kamata a ce tana da wajen 20,000. Jihar Kano kaɗai, ko da ƙidayar 2006 da ta ba ta sama da miliyan 9 aka yi amfani, ana maganar ɗaruruwa ne masu yawa. Ku sa a kawo muku adadin waɗanda aka tabbatar da gwaji a jihohinku, ku ajiye kusa da wannan lissafi. Ratar da za ku gani ita ce yaran da suka tafi ta hanyar cibiya, ko cire belu, ko kaciya, da waɗanda ke zaune a soro da sandararrun gwiwoyi ana ce musu sanyin ƙashi ne.

Shi ya sa nake so a fara da wanzamai. Ba na cikin masu zaginsu. Wanzami ɗan gida ne, shi ya yi wa kakanninmu aski da ƙaho, kuma a ƙauyuka da yawa shi ne hannun farko da ke fitar wa yaro jini, tun kafin ya ga ma'aikacin lafiya. Suna da shugabanni, akwai Sarkin Aska a masarautunmu, kuma suna jin maganar hakimai da dagatai. A tara su kafin hunturu, lokacin da ake shigar da yara kaciya rukuni-rukuni, a koya musu tambaya biyu da za su yi wa uwa, ba uba kaɗai ba, kafin su zare aska: shin a 'yan'uwanki maza ko kawunnanki akwai wanda jini ya taɓa ƙin tsaya masa? Shin yaron nan cibiyarsa ta daɗe tana jini, ko yana yawan yin tabo da kumburin gaɓa ba dalili? Idan aka ce e, a mayar da aska kube a tura asibiti. Yaro mai himofiliya ana yi masa kaciya lafiya lau, amma a asibiti, bayan an ba shi fakta. Ungozomomi ma su ji wannan, haka masu ɗori, domin gwiwar da jini ya taru a ciki ba targaɗe ba ce, matsa ta da ja ƙara ɓarna ne. Masu kemis kuwa a gaya musu asfirin da daikulofenak da ibufurofen suna ƙara wa irin waɗannan yara zubar jini, allurar ɗuwawu kuma tana iya tara musu jini a tsoka. Duk wannan bai wuce kuɗin taro da 'yan mintuna a gidajen rediyon jiha ba.

Sai gwaji. Akwai gwajin farko da ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, likitoci na ce masa APTT. Ba wani abin a zo a gani ba ne, kowane babban asibitin jiha ya kamata ya iya yin sa kullum. Na biyun shi ne auna yawan faktar kanta, wanda ke bambance A da B, ya kuma nuna tsananin ciwon. Wannan sai manyan asibitocin koyarwa, kuma muna da su: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, kowanne da sashen likitocin jini. Abin da ya rage shi ne jihohi su ƙulla yarjejeniya da su, a sayi sinadaran gwaji a kan kari, a tsara yadda samfurin jini zai taso daga ƙaramar hukuma ya iso a sanyaye. Kun yi wa cutar shan inna irin wannan tsari, samfuri yana tasowa daga ƙauyen da mota ba ta shiga ya isa ɗakin gwaji. Hanyar tana nan, mutanen da suka san ta ma suna nan.

Duk wanda aka tabbatar, a sa shi a rajistar jiha, a ba shi kati da zai nuna a ɗakin gaggawa don kada a tsayar da shi a layi yana zubar jini a ciki. Rajistar nan ita ce ƙofar magani. Yawancin faktar da yaranmu ke samu a yau sadaka ce daga Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, tana shigowa ta hannun Gidauniyar Himofiliya ta Nijeriya, wadda wata uwa irina ta kafa a 2005. Allah Ya saka musu da alheri, ba don su ba da ban san inda muke ba. Amma mai ba da sadaka yana duba yawan waɗanda aka tabbatar ne ya aiko, kuma sadaka ba ta da ranar zuwa. Fakta ta 8 ba ta daɗewa a jiki, cikin awa 8 zuwa 12 rabinta ya tafi, shi ya sa a ƙasashen da suka tsaya wa abin ake yi wa yaro allurar kariya sau biyu ko uku a mako tun kafin jini ya zuba, ya tashi da gaɓoɓinsa garau. Mu sai gwiwa ta kumbura muke fara nema. Fakta ta 8 da ta 9 suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun marasa ƙarfi, jihohinku kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Ku sa himofiliya a cikin abin da suke ɗauka, ko da za a fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne. Ku tabbatar da akwai taranezamik asid a asibitocin karkara, magani ne mai araha da ke taimakawa sosai wajen haɓo da jinin dasashi, musamman lokacin famfara. Firjin sola na alluran rigakafi da ke cibiyoyin lafiya a matakin farko, a ba mu ɗan gurbi a ciki, domin zafin bazararmu yana haura digiri 40, maganin kuwa ba ya jure haka.

Yanzu bari in zo kan bincike, wanda shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Duk numfashin da ɗana ke yi cikin sauƙi a yau, bayan ikon Allah, albarkacin wasu ne da suka zauna suka yi nazari. Tun wajen shekara dubu da suka wuce, likitan nan Musulmi na Ƙurɗuba, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya rubuta labarin wasu mutane da mazajensu ke mutuwa da zubar jini daga ƙaramin rauni. Ya gani ne ya rubuta, abin da muka kasa yi wa kawuna. A tsakiyar shekarun 1960 wata masaniya a Jami'ar Stanford ta Amurka, Judith Pool, ta lura cewa idan aka narkar da daskararren ruwan jini a hankali, ɗan abin da ke kwantawa a ƙasan leda cike yake da fakta ta 8. Wannan ya sauya rayuwar dubban yara, kuma har gobe duk bankin jinin da ke da injin raba jini da firiza mai ƙarfi zai iya yin sa. A shekarun 1980 masifa ta auku, maganin da aka tace daga jinin jama'a ya shafa wa dubban masu himofiliya cutar ƙanjamau da ciwon hanta. A 1984 aka gano ƙwayar halittar fakta ta 8, daga nan aka samu hanyar haɗa ta a masana'anta ba tare da jinin kowa ba. A 2017 Amurka ta amince da Hemlibra, allurar da ake yi a ƙarƙashin fata, ba neman jijiya, sau ɗaya a mako ko ma a wata. Duk uwar da ta taɓa danne ɗanta ana lalube a hannunsa ta san darajar wannan. A ƙarshen 2022 kuma aka amince da Hemgenix, maganin gyaran ƙwayar halitta na masu himofiliya B, ƙarin ruwa ɗaya tak, a kan dala miliyan 3.5.

Ba wannan nake roƙon ku saya ba, na san aljihun jihohinmu. Abin da nake cewa shi ne an yi duk tafiyar nan kusan babu mu a ciki. A manyan nazarce-nazarcen ƙwayoyin halitta na duniya, 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na mutanen da aka nazarta ba, alhali nahiyarmu ce ta fi kowace bambancin ƙwayoyin halitta. Wannan yana taɓa ɗana kai tsaye. Kusan ɗaya cikin uku na masu himofiliya A mai tsanani, jikinsu yana ɗaukar faktar da aka ba su a matsayin baƙuwa ya yaƙe ta, maganin ya daina aiki. Bincike a Amurka ya nuna hakan ya fi faruwa ga baƙar fata, kusan ninki biyu. To ga yaran Katsina da Gusau da Damaturu fa? A nan ne kaɗai za a iya amsa wannan. Haka tambayar ko ɗan ƙaramin awo na fakta da ake bayarwa a kai a kai zai kare gaɓoɓin yaranmu gwargwadon ƙarfinmu, da tambayar yawan matan da ke ɗauke da ciwon a cikin masu zubar jini wajen haihuwa. Kamfanin da ke Turai ba zai tashi takanas ya yi mana waɗannan ba.

Kada wani ya ce muku Arewa ba ta iya ba. A asibitocin Kano aka yi binciken da ya nuna cewa ɗan awo kaɗan na maganin haidiroksiyuriya yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100, da leda mai ma'auni da magungunan da dama muna da su. Masu ilimin suna nan. Abin da suke buƙata rajista ce da za su dogara da ita, da ɗan kuɗin somawa daga jiha, domin mai ba da tallafi daga waje ya fi sakin hannu idan ya ga masu gida sun sa nasu. Ku ware wani abu a kasafin ma'aikatunku, ku ɗauki nauyin ɗalibai masu neman ƙwarewa a fannin jini da ƙwayoyin halitta, ku horar da masu ba iyali shawara kan ciwon gado da harshen da suke ji.

Na san abin da ke zuwa zuciyar mutanenmu idan aka ce bincike. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo ya taimaka wajen gujewa rigakafin shan inna a 2003, yara da yawa suka nakasa a banza. Saboda haka ku ne za ku tsaya a tsakani. Kwamitin ɗa'ar bincike na kowace jiha ya zama mai haƙora, a sa iyaye a cikinsa. A karanta wa uwa takardar amincewa da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, a gaya mata tana da ikon cewa a'a ba tare da an hana ɗanta magani ba. A faɗa mana inda za a kai jinin 'ya'yanmu da abin da za a yi da shi, a dawo mana da sakamako, kuma idan magani ya yi aiki kada a janye shi ranar da bincike ya ƙare. A kan waɗannan sharuɗɗa, ni ce ta farko a layi, da jinina da na ɗana da littafin da nake rubuta kowace zubar jini a ciki. Iyayen da nake haɗuwa da su a asibiti, ban ji wadda ta ce ba za ta bayar ba.

Akwai kuma maganar mu mata, wadda ba a cika faɗa a taro ba. Ciwon yana bin ƙwayar gado da ake kira X ne. Mace tana da biyu, namiji ɗaya, shi ya sa uwa ke ɗauke da shi, ɗa namiji ke kwanciya. Kowane ciki, idan namiji ne, ko ya samu ko ya tsira, rabi da rabi. Idan mace ce, haka nan ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba. Da zarar likita ya faɗi wannan a gaban dangin miji, wasu ba sa jin komai sai "daga wajenta ne". Ni Allah Ya ba ni miji mai tsayawa, amma na zauna a benci ɗaya da wadda aka saka saboda wannan, tana goye da yaron tana neman kuɗin mota. Ya kamata ma'aikatanku su san yadda za su faɗi gaskiyar gaba ɗayanta: kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon babu wani tarihi a danginsu, canji ne ya faru a ƙwayar halitta ba da sanin kowa ba. Namiji mai ciwon ma yana ba duk 'ya'yansa mata ƙwayar, su zama masu ɗauke da ita. Ba auren zumunci ke kawo wannan ba, kuma gwajin kafin aure, irin wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, ba ya nuna shi, don ba shi ake nema ba. Ku jawo limamai da malaman Islamiyya cikin wannan bayani, maganarsu ta fi tamu isa zaure. Su kansu matan da ke ɗauke da ciwon a riƙa duba su, domin wasunmu faktarsu ba ta cika ba, suna fama da yawan jinin al'ada, suna shiga haɗari a ɗakin haihuwa. Ina da 'ya mace, ina so ta san matsayinta kafin ranar da za ta durƙusa.

A layin asibiti ina ganin wasu iyayen da nasu ya fi nawa duhu: yaron da ƙashinsa ke karyewa daga ɗauka, yaron da ya fara tafiya sannan ƙafafunsa suka riƙa mutuwa a hankali, ba a ma gaya musu sunan ciwon ba. Irin waɗannan cututtuka da ba a cika gani ba sun haura 6,000, yawancinsu na gado ne, kuma sun shafi wajen mutum miliyan 300 a duniya. A watan Mayun 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a kansu. Rajistar da za ku buɗe wa himofiliya, ku bar mata shafuka don su ma.

Ina roƙon kowane ɗayanku ya naɗa jami'i guda a ma'aikatarsa da zai riƙe wannan aiki, a sanar da ofishinsa a rediyo don iyaye su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ranar 17 ga Afrilu ce ranar himofiliya ta duniya. Ku kira mu a ranar, da likitocin jini da shugabannin wanzamai, kowace jiha ta faɗi yara nawa ta gano a shekarar da kuma nawa ne a cikinsu ke samun magani.

Allah Ya ba ku ikon yi, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Uwar wani yaro mai himofiliya, daga Kano.